Garkar Malama Zahra'u

Bungudu,
Ranar Laraba.

Hafiza, Muzdalifa ta yi magana! Jiya, da kunnena na ji.

Gafarta mini, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum ɗiyata. Ya jikinki, ya aikin wankau a Gusau? Innarki na gaishe ki, ciwon ƙafar dai yana nan.

Yanzu na gane abin da ya ɗauke bakin ɗiyarki tun damina. Malamarsu Zahra'u ce ta gano. Allunan zamani da aka kawo makarantarsu suna da burauza, wato ƙofar shiga intanet, irin ta wayoyin manya, mai buɗe komai. Yarinya ta rubuta sunan ƙauyenmu na bayan Tsafe, tana son ganin gidansu. Sai aka nuna mata bidiyon jana'izar nan ta bayan harin da ya tashe mu, an jera gawawwaki a tabarmi. Ta gane hular babanta Attahiru. Mu da muka ce mata ya tafi fatauci.

Malama ta cire waccan burauzar, ta sa ta yara. Ta ce waccan kasuwa ce, kowa da abin da ya baza. Wannan kuwa garka ce mai shinge, ba a tsintar komai sai abin da malami ya shuka. Na ce jikata ba za ta koma ba sai na gwada da hannuna. Na zauna a bencin yara, na rubuta sunan ƙauyen da yatsa ɗaya. Babu. Na rubuta Attahiru. Babu. Na yi hamdala, sai kuma hawaye, domin a garkar nan kamar ba a taɓa yin mu ba.

Jiya na riƙo hannunta muka je. Ta ƙi kallon allon, ni kuwa na buɗe darasin raƙumi ina haɗa baƙi irin namu na yaƙi da jahilci. Sai ta ce wai tsoho, kafin in kai wutsiyar darasin raƙumin ya isa garin Rawayya. Ta karɓe, ta karanta har ƙarshe.

Ba zan ɓoye miki ba, da muka fito ta sake yin shiru. Tuwo ma kaɗan ta ci. Shingen a ƙofar makaranta ya tsaya, bidiyon kuwa yana wayoyin maƙwabta, ana miƙa wa juna a majalisa. Kuma har yau babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata gaskiya. Wannan aikinmu ne ni da ke.

Ki zo ranar Litinin, za ta yi karatu gaban aji. Ki taho da ƙanenki Bashar da gwaggonta Suwaiba da duk mai kuɗin mota, ku zo ku gani. Wayoyinku dai su tsaya a aljihu.

Allah ya jiƙan Attahiru, ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Malam Haliru.