Ni Na Kashe Tafkin, Baba Aka Kora

Assalamu alaikum, masu wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini.

Ina wanke tankuna da soda da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, a wani izin, wato masana'antar madara, nan Maraɗi. Bayan izin akwai tafkin da ƙazamin ruwanmu ke kwana kafin a sake shi gulbi. Wani dattijo ɗan Jiratawa ke kula da shi, Baba muke ce masa. Ya ce cikin ruwan akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, su ke cinye dattin. "Dabbobina" yake kiransu, muna ta dariya. Kullum sai ya ce, "Ɗiyata, a sirka soda, a sake ta kaɗan-kaɗan, in ba haka ba kin yi mini kisa."

Ran da sandika, ƙungiyarmu ta ma'aikata, ta kira yajin aiki, aka ce ƙarfe goma kowa ya fito maci. Ni ce mai riƙe tuta, wa zai tsaya sirki? Na buɗe famfon tankin soda gaba ɗaya na fita. Baba kaɗai ya zauna, wai dabbobinsa ba su san yaji ba. Kwana uku tafkin ya yi baƙi ƙirin, wari har titi. Haka ruwan ya gangara, masu lambu na wajen Tsibiri suka zo suka zube ƙonanniyar yabanya a ƙofar izin. Aka kori Baba. Sandika ba ta ce uffan ba, tunda bai bi yaji ba. Ni ma ban ce ba.

Wallahi ban yi kuka ba. Ina cin tuwona, ina barci, ba na jin komai, abin da ke ba ni kunya ke nan. In na faɗa, aikina ya tafi, ga ɗiya uku.

Amma Baba ya yarda shi ya yi. Ya ce hankalinsa ne ya fara tafiya. Ya bar limancin unguwarsu don tsoron mantuwa, ya bar hawa keke kada ya ɓata. Duk Juma'a ɗansa ke kawo shi wurina da ƙullin zogale, ya tambaye ni, "Sun farfaɗo?"

Wancan sati ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke da ba ki mantuwa, tuna mini. Mi na yi ran nan?" Na ce sai Juma'a mai zuwa.

Juma'a jibi ce. Me zan yi?