Itatuwan Iliya na nan

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jikinki? Yaya maigida da yara? Mu a Kafanchan da sauƙi.

Itatuwan da ɗana marigayi Iliya ya dasa a kwaleji, yana cewa sare daji ke hana manoma ruwan sama, an so a sare su a gina shaguna. Abokansa ɗalibai suka zauna a gindinsu, suka ƙi tashi har aka fasa. Jiya suka kai ni wurin. Wata yarinya ta shimfiɗa mini zanenta, ta ce, "Mama, zauna, ɗanki ne ya dasa wannan." Na yi kuka, amma na gode wa Allah.

Ki sa yaran nan a addu'a, an ce za a kori biyu daga makaranta. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Talatu