Bijiman Tafiyar Madina

Yaya Rabi,

Ina gaisuwa. Ya jikinki, ya maigida da yara, ya zafin Madina?

Ranar Alhamis da safe na ga Baba ya kwance bijimai biyun da muka shekara huɗu muna kiwo don kuɗin zuwanmu wurinki. Mutanen daji masu bindiga sun aza wa garinmu Katuru haraji kafin yankan gero. A kasuwar Shinkafi ya sayar da su don biyan harajin, ko ciniki bai tsaya yi ba. Da muka dawo Inna ta ce, "Malam, tafiyar fa?" Ya nuna akwatin da kika aiko, ya ce ta zuba wake ciki.

Ki daina nema mana ɗaki. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Kawu Sani da Bala direba suna kasuwar ranar, sun gani.

Ƙanenki,
Lawali