Kunun da Yayata ba ta taɓa kurɓa ba

Daga mai kula da zaure: wata 'yar uwa ce ta turo, ta ce a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ta gaskiya nake so, ban zo neman lallashi ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, sai da na kai shekara talatin da biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci, yanzu ma da yatsa ɗaya nake danna wannan a shagon intanet.

Shekarata arba'in da ɗaya, ina aiki a wani kamfanin takalman roba a Sharaɗa, ɓangaren da ake yanke gefen silifa in ya fito daga inji. Duk wanda ya san ni yanzu ba zai yarda ba, amma ni siririya ce a da, Tsinke ake ce min a gidanmu. Innarmu ta rasu ina da shekara tara, ɓarin jikinta ne ya shanye ta faɗi a bakin murhu, Yayata ce ta ɗauke ni ta riƙe ni a Ɗorayi. Ba zan ci amanar gaskiya ba, ta yi min riƙon uwa, ko tsintsiya ba ta taɓa ɗaga min ba. Abin da Inna ta bar min awarwaro ne guda biyu na azurfa, in na ɗaga hannu har gwiwar hannu suke zamewa.

Sana'ar Yaya gyaran amare ce, kuma kununta ya yi suna, amarya ta shiga ɗakinta kamar sillen kara ta fito kumatu sun ciko. Da aurena ya matso ta ce ba za ta kai ni gidan mutane a ce ba ta ba ni abinci ba, ta fara dama min. Gero ne da gyaɗa da madara, sai wasu ƙananan ƙwayoyi farare da ta ce bitamin ne. Ni da hannuna nake daka su a ɗan turmi, har na girma ina daka mata in na je. Na yi ƙiba kowa ya yaba, dangin miji suka ce an iya kiwo. Daga nan duk haihuwa, bayan kunun kanwa sai nata ya biyo, in na yi zazzaɓi na ɗan faɗa sai ga jarka ta aiko. Haihuwa biyar, ban taɓa komawa jikina na da ba. Zani ɗaya ya daina zagaye ni, fuskata ta zama kamar faranti, a haihuwa ta uku sai da maƙeri ya yanke min awarwaro ɗaya don ya nutse a nama. Ɗayan na samu na cire da sabulu na ajiye.

Watanni huɗu da suka wuce ina tsaye a bakin aiki, NEPA sun ɗauke an tada janareta, sai na ji ƙeyata kamar an ɗora dutse, idona ya rufe. A kilinik ɗin kamfani na farka. Nas ɗinmu wata 'yar kudancin Kaduna ce, Sista muke ce mata, ta ɗaura min abin awo sau uku tana canza hannu, ta ce jinina ya hau hawan da ba a wasa da shi. Sai ta zauna tana tambayata, yaya jikina yake ina yarinya, yaya yake lokacin aure, yaushe na fara ƙiba, wa ya taɓa yin hawan jini a gidanmu. Na faɗa mata komai har da kunu, ina dariya ma. Ita ba ta yi dariya ba, ta ce in kawo mata sunan bitamin ɗin.

Ran Lahadi na je Ɗorayi, Yaya tana wanka, na buɗe kwallar da take ajiye su na kwafe sunan harafi bayan harafi a bayan katin aikina. Da a da ne sai dai in kalli kwalin kamar akuya ta kalli allo. Sista ta karanta ta riƙe baki. Ta ce wannan ba bitamin ba ne, magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa na 'yan kwanaki ga mai asma ko ciwon gaɓoɓi, yana tara ruwa a jiki, yana kumbura fuska, yana iya tada hawan jini da sukari. Ta faɗa min gaskiya, ta ce ba za ta rantse shi kaɗai ya jawo min ba, akwai gado, akwai nauyin da na ɗauka shekara da shekaru, akwai gishiri da magi, amma wanda hawan jini ya kashe uwarsa ko kusa da wannan magani bai kamata ya je ba. Ta tura ni asibiti, yanzu kullum da safe sai na haɗiyi magani, wai har ƙarshen raina.

Har a lokacin ban zargi Yaya ba wallahi, na ce ita ma ba ta yi boko ba, rashin sani ne. Na je in faɗa mata don ta daina. Ina cikin bayani ta katse ni, ta ce ai mai kyamis ɗin da take saya a wurinsa ya daɗe da gaya mata, tun kafin a haifi 'yata ta fari, surutun 'yan boko ne kawai. Sai a lokacin abubuwa suka dinga dawo min. Yaya ba ta taɓa kurɓar kunun nan ba, kullum wai olsa gare ta. 'Ya'yanta mata uku ta aurar, ba wadda ta dama wa, wai su jikinsu ya isa. Tana nan siririya garau, shekara hamsin da shida tana hawa bene ba haki, ni ce nake tsayawa sau biyu tsakanin titi da get ɗin kamfani. Na tambaye ta me ya sa ni. Ko kunya ba ta ji ba ta ce:

"Ke Tsinke, da na bar ki yadda kike wa zai kalle ki? Gata na yi miki."

Na ce Yaya kin san abin da ya kashe Inna, ke kika ɗaga ta daga bakin murhu. Ta ce kwana ne ya ƙare, kuma in karatun da na yi da tsufa rashin kunya ya koya min to gara jahilcina.

Ga inda nake neman ku. 'Yata ta fari za ta yi aure nan da sati uku, wanda take so ne, ba matsala a nan. Amma kun san al'ada, 'yar fari ba tawa ba ce, ko sunanta ba na faɗa, Yaya ce uwar biki, kuma yarinyar tana ɗakinta kwana goma sha shida ke nan tare da wasu amare biyu 'ya'yan mutane. Yaya ta rantse min ba ta sa mata komai, ni kuma na daina yarda da rantsuwarta. Na ja yarinyar gefe na yi mata bayani, ta ce Umma ke fa kin yi naki, ƙannen ango suna ce mata sandar mopa don sirantarta, ita sati uku kawai za ta sha ta daina. Ni ma sati uku aka ce min. Babanta ya ce maganar mata ce, kar in tada fitina ana gab da biki. Sista kuma ta ce in har tana sha, kar a yanke mata lokaci ɗaya, a kai ta asibiti likita ya duba, to ta yaya zan kai amarya asibiti daga ɗakin gyara ba a sani ba?

Ran Juma'a dangi za su taru a gidan Yaya ganin lefe. Zuciyata tana ce min in ɗauko kwalin a gaban kowa in karanta musu da bakina, in ya so sana'arta ta mutu, zumuncin ma ya mutu, a ce wadda aka riƙa ta tona asirin wadda ta riƙe ta. Wata zuciyar tana cewa in janye tawa a hankali in yi shiru, to 'ya'yan mutane biyun fa, da waɗanda za su zo bayansu? Kuma hannuna ne ya yi shekaru yana daka musu.

Ku faɗa min wanne zan yi kafin Juma'a, kar wanda ya ce min in yi haƙuri kawai, haƙurin ne nake haɗiya kullum da safe. Awarwaron Inna da ya rage na ba yarinyar ranar da aka sa rana, har gwiwar hannu yake zame mata. Jiya da na je ta ɗaga hannu tana murna tana nuna min, ya tsaya a rabi.