Taguwar Auta

Asabar, 7 ga Satumba

Auta ya sayi mota. Ba kowace irin mota ba, a-kori-kura mai ƙofa huɗu, irin wadda duk tayoyinta ke ja, mai shiga yashi ta fita. Ta hannu ce, fara, da ɗan lotsawa a ƙofar baya. Ya shigo da ita gidan nan da hantsi yana ta danna hon kamar kurame ne a ciki.

Ni fa na fara wannan maganar. Tun yana firamare nake ba shi labarin motar da zan saya in ratsa hamada da ita. Shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa, ina zana wa yara tudun yashi a allo, ban taɓa taka ko guda ba. Shi kuwa ya tafi aikin kamfaninsa, ya dawo hutu, ya tsinci burina a kasuwar motoci ya saye.

Na ce Allah ya sanya alheri. Ina jin ma na faɗa da fara'a.

Lahadi, 8 ga Satumba

Baba ya fito tsakar gida da ƙafarsa.

Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, kullum sai na yi lallashi kafin ya yarda ya taka zuwa baranda. Yau ba wanda ya roƙe shi. Ya ja sandarsa, ya ja ƙafar, har gaban motar. Ya sa Auta ya ɗaga boneti ya tayar da ita, ya karkata kunne kamar yadda yake yi da yana tuƙin babbar mota. Can ya ce, "Wannan ai taguwa ce. Ba ta jin ƙishi."

Shi ke nan suna ya bi ta. Har maman yara Taguwa take cewa.

Tawa motar da ke kai shi asibiti tun farkon ciwon, bai taɓa sa mata suna ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

An fara gyaran Taguwa. Bakanike ya canza mata sifirin da shokazoba na ƙafafu, ta ɗaga sama kamar mai girman kai. Manyan tayoyi masu kaushi. Mai walda ya ɗaura mata ƙarfe a goshi, da injin jan waya wanda wai in ta kafe za ta ciro kanta. Saura ƙarin tankin mai, da na ruwa, da tantin da ake naɗewa a rufi.

Duk abin da za a sa sai an tambayi Baba. Kujerarsa ta koma gindin motar. Ina dawowa daga makaranta da takardun yara a hammata, in tarar da su biyu suna gardama kan inda za a ɗaure safaya. Na yi sallama, a amsa ba a juyo ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Ina yi wa Baba wanka da safe, ina cuɗa masa baya, sai cewa ya yi, "Auta ne ya gado ni. Jinin hanya ne da shi."

Da soson a hannuna fa.

Na ce haka ne, Baba, ɗaga hannun.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ashe da shiri. Auta zai kai Baba hamada kafin hutunsa ya ƙare, ya ga tsohuwar hanyar da ya yi ta bi da kaya yana saurayi, su kwana a buɗaɗɗen fili. A wurin cin abinci ya faɗa. Sannan ya waiwayo, "Yaya, ai da kai za mu, ko? Akwai wuri a baya."

A baya.

Na ce wasunmu suna da aiki, jarrabawa na tafe. Gaskiya ce, shugaban makaranta ba zai sake ni ba. Amma ko da zai sake ni.

Lahadi, 6 ga Oktoba

An sa wa Taguwa wani bututu a gefen gilashi, ya miƙe sama, wai don ta shaƙi iska mai tsabta. Munin abin! Na tsaya ta tagar ɗaki ina kallo har shayina ya huce.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ranar ganin likita. Ya auna Baba, ya sake aunawa, ya ce jinin bai taɓa sauka haka ba, ƙafar ma ta ƙara ƙarfi. "Me kuka canza masa?" Na ce ba komai.

Da na mayar da Baba mota sai na koma ciki ni kaɗai, na zayyana masa maganar tafiyar. Na zuba zafi, na zuba nisa, na zuba girgizar hanya, har kunama na kawo. Ya saurara. Ya ce in dai za a bi da maganinsa a kan lokaci, a guji tsakar rana, kada a yi nisa da gari mai asibiti, shi bai ga laifi ba. Wai ma irin wannan ɗokin ba shi da kwalbar da zai rubuta a saya.

A gida Auta ya tare ni a ƙofa. Na ce masa likita bai so ba.

Ai bai ce yana so ba. Cewa ya yi bai ga laifi ba. Akwai bambanci.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Baba bai fito ba tun ranar. Kujerar na nan gindin motar, ba kowa a kai. Abinci cokali biyu ya ture. Yau da na je ɗaga shi ya yi nauyi kamar da, ya sake min jikin gaba ɗaya, bai taimaka ko kaɗan ba. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Auta ya daina zuwa gareji. Fitilun da ya sayo na nan cikin kwalinsu a baranda.

Na zaci zan ji sanyi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Maman yara tana ninke kaya, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Malam, likita ne bai so ba, ko wani ne?"

Na ce wane irin zance ne wannan.

Ta ce, "Tambaya na yi. Na san dai fuskarka in ka dawo da labari mara daɗi, kuma ran nan ba ita ka shigo da ita ba."

Na fita na wanke motata da ba ta yi datti ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na ce musu na sake yin magana da likita, ya sassauto, da sharuɗɗa. Na lissafa sharuɗɗan. Auta ya rungume ni har da ɗaga ni sama, wai Yaya ka iya shawo kan mutane. Na ce ya sauke ni.

Baba ya dube ni, ya daɗe. Ban san me ya gani ba. Ya ce a miƙo masa sandarsa.

Alhamis, 24 ga Oktoba

An gama haɗa ta, yau za a zaga da Baba gwaji. Ina baranda ina makin takardu, ina kallo ta wutsiyar ido.

Sun ɗaga mota sun ɗaga, sun manta wanda zai hau. Matakin ya kai masa kusan cinya. Ya ɗora ƙafar dama, ta hagu ta ƙi biyowa. Ba zan ɓoye wa takardar nan ba, daɗi ya kama ni. Duk iyayin nan, ga shi.

Sai Auta ya cafki hannun hagun ya ja. Hannun da ba a ja! Baba ya yi wata ƙara da rabona da jin ta tun muna kwance a asibiti. Ya jingina da ƙofar yana haki, hularsa a ƙasa, maƙwabta biyu na leƙe ta ƙofar gida. Auta ya tsaya hannuwa a sake, fuskarsa kamar ta yaron da ya fasa tulu.

Baba ya ce, "Kira min yayanka. Shi ya san yadda ake ɗauka ta."

Ban san sanda na zubar da takardun ba. Kafaɗata ƙarƙashin hammatarsa ta dama, hannuna a ƙugunsa, gwiwata ta tokare tasa, na ce bismillah, ya hau. Na gyara masa ƙafar, na ɗaura masa bel, na sa masa hula. Ya dafa gaban motar yana shafawa. Suka tafi, na tsince takarduna.

To ni ne jak ke nan. Kowace mota da jak ɗinta.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na biya wurin mai walda da tef ɗin awo na maman yara. Mataki mai naɗewa, hawa biyu, da marikin ƙarfe a dama inda hannunsa mai lafiya zai kai. Ya ce oga Auta ne ya aiko ka? Na ce ni na aiko kaina.

Don kada su karya min tsoho ne kawai.

Talata, 29 ga Oktoba

Auta ya same ni a ɗakin Baba da safe, ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya. "Yaya, ka koya min."

Na so in ce a'a. Wallahi na so. Mota tasa, hira tasa, dariyar Baba tasa. Wannan ɗaya ne nawa, shi ma in miƙa?

Na ce ya cire agogonsa, zai karce shi.

Na nuna masa inda ake sa kafaɗa. Yadda ake juya shi a gado ba a murɗe hannun ba. Wace ƙwaya ce kafin abinci, wace ce bayan. Cewa in ya ce ba ya jin fitsari to a kai shi, kunya ce. Baba na ta mita, wai mun mai da shi buhun siminti. Auta ya gwada, ya kasa, ya sake. Gumi har cikin idonsa.

Da muka fito ya ce, "Ni bai taɓa yi min tsawa irin yadda yake maka ba. Kamar baƙo yake ɗauka ta." Yana faɗa kamar wani abin so ne. Na ce in tsawa yake so, zai ƙoshi a hanya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sun tafi.

Na jera magungunan a gwangwani, kowace rana da gurbinta. Na sa matashin da yake tokare ƙafa da shi. Baba ya taka matakin, ya kama marikin, Auta ya tallafe shi daidai yadda na nuna, ya zauna. Bai neme ni ba. Hannuwana na cikin aljihu, ban san inda zan kai su ba.

Ya sauke gilashi ya ce in kula da gida. Shi ke nan. Taguwa ta ja, da tanti a ka da jarkoki a baya, kyakkyawa, tunda dai ba mai karanta wannan.

Na shiga ɗakinsa na canza zanin gado da ba ya buƙatar canji.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ba waya. Auta ya ce dama akwai inda ba sabis. Na sa wa ɗan aji uku maki a takardar wani, sai da yaron ya zo ya nuna min.

Talata, 12 ga Nuwamba

Auta ya kira ina ɗakin malamai. Iska na kaɗawa a wayar, can baya ina jin Baba yana ba wani labari da ƙarfi, yana dariya har da tari. Lafiya lau. Sun kafe a yashi jiya, injin jan ya fitar da su, Baba ne ya riƙa ba da umarni daga kujera. Ya zagi Auta tas, wai bai iya rage iskar taya ba.

Sai Auta ya rage murya.

"Yaya, bayana kamar zai ɓalle. Barci ma rabi da rabi nake yi, kunnena na wurinsa. Duk shekarun nan kai kaɗai… ya kake yi?"

Ba wanda ya taɓa tambaya ta.

Na ce ya lanƙwasa gwiwa in zai ɗaga shi, ya daina ɗauka da baya. Na ce kada ya manta ƙwayar yamma. Sai na ce ana jira na a aji.

Ya turo hoto. Baba a kan kujerarsa a gindin wani tudu ja, ya ɗaga sandarsa sama, motar a bayansa duk ta yi buɗu-buɗu. Malamin lissafi ya leƙo ta kafaɗata ya ce kai, wannan mota ta wa ce?

Na ce ta ƙanina ce, shi ya haɗa ta da kansa. Na miƙa masa wayar ya gani da kyau. Har na sa ya ƙara girman hoton.