Abin da Ya Fito Daga Motar Kaka

Gwaggo Hajara,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya Kawu da yara? Mu nan Jibiya lafiya lau.

Motar Kaka da kika hana a sayar, Baba ya fara gyaranta. Bai sa guduma ba, kar ƙarfen ya yage. Ɗigon waldar ya riƙa hudawa ɗaya bayan ɗaya har gefen motar ya rabu. Gwaggo, cike yake da mushen ɓeraye da guntayen cukun da marigayi Kaka ke ɓoyowa daga Maraɗi! Ni aka sa kwashewa, wai hannuna siriri ne, na kasa musu. Har yau tuwo ba ya shigar mini.

Ƙarfen bai ruɓe ba, motar za ta tashi. Amma in kin zo, don Allah kar ki ce in shiga.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ɗiyarki, Binta