Kaset Uku a Cikin Kwalla

Hajiya Sahada, salamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, kuma abin da ke cina ba na iya faɗa wa kowa a gidanmu. Ki yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na yi aka cire ni.

Maigidana ya rasu wata biyu da kwana tara ke nan, ina cikin takaba. Tela ne a unguwar Amutibe nan Lome, amma a Zongo da molo aka san shi, ba biki ba suna da za a yi ba a kira shi ba. Ga abin da ba wanda ya sani: yawancin baitocin waƙoƙinsa ni nake yin su. Ina suyar ƙosai da safe baiti zai faɗo mini, in riƙe shi a ka har ya dawo cin abincin rana, in faɗa masa, shi kuma ya sa masa murya da kiɗa. Wani lokaci ya ce ya yi tsawo, numfashinsa ba zai kai ba, sai in rage. Shekara goma sha tara muna haka. Ni na hana shi faɗa, don kada danginsa su ce ya auro zabiya. Yakan yi mini tsiya wai shi keken ɗinki ne kawai, ni ce mai yanka.

Abin da ya rage mini na muryarsa kaset uku ne, suna cikin kwallata ƙarƙashin zannuwa. Sau ɗaya na sa, na ji gyaran muryar da yake yi kafin ya fara, na kashe.

Bayan sadakar arba'in, wansa, Yaya Jumare, ya kawo wani Alhaji Sabitu mai kamfanin faifai a birnin Ankara, nan ƙetaren iyakarmu. Yana so in ba shi kaset ɗin, ya ba mawaƙinsa waƙoƙin ya rera da kayan kiɗa na zamani, a buga faifai, a sayar har Kwatano da Yamai, a sa a rediyo. Ya ce sunan marigayi zai hau a matsayin mai waƙa, mu kuma za a riƙa ba mu rabonmu. Ya ajiye takarda shafi uku da Faransanci, wai in dangwala hannu a matsayin matar mamaci kafin ƙarshen wata, don zai koma. Sai dai ya ce za a yanke sunayen da ke cikin waƙar tsohon Zongo, wadda na yi lokacin da aka ɗaga mu daga cikin gari. Gida-gida na bi a cikinta, har da Asiyatu mai waina da rijiyar bayan masallaci. Wai ba wanda ya san su a Ankara.

Ƙawata Adjara kuwa ta ce mu yi da kanmu. Mijinta yana da rumfar kaset a kasuwar Adawlato da na'urar kwafa, a fitar da muryarsa yadda take. Amma na ga yadda ake yi. Kaset ya fita yau, kafin mako ya ƙetare iyaka, ya dawo ba suna ba hoto.

Yaya Jumare ba mugu ba ne, so yake a ji sunan ƙaninsa. In na ƙi, ina tsoron waƙoƙin su ruɓe a kwalla. In na yarda, zan ji baƙo yana rera maganata a rediyo, ba muryar mijina, ba mutanenmu a ciki. Yaya zan yi?

Mai takaba, Zongo, Lome

*

'Yar'uwata, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta.

Da farko, kada ki dangwala hannu a wannan watan. Kina cikin takaba, kuma ba mutumin kirki da zai ga laifinki in kin ce a jira ki fita. In Alhaji Sabitu da gaske yake, hanyar Ankara ba ta rufe ba, zai dawo. In bai dawo ba, kin san abin da kika tsallake.

Kaset ɗin nan uku kada su bar ɗakinki. Adjara ta zo da na'urar har gida, a kwafa a gabanki, ki ajiye na asali. Kowa ya nema, kwafi za ki ba shi.

Kamfani ba abin gudu ba ne. Yana da hanyar rediyo da kasuwannin da ƙafarki ba za ta taka ba, kuma faifai ya fi kaset daɗewa. Amma takarda ita ce magana. Ki sami mai Faransanci wanda ba Alhajin ne ya kawo shi ba, ya karanta miki layi-layi. Waƙa nawa ake ba shi? Na shekara nawa, ko har abada? Yana da ikon canza baiti? In ya ɗauka bai buga ba, za su dawo hannunki? Hanyar Adjara kuma za ta tsare miki muryarsa, ba wanda zai taɓa ko kalma, amma ba za ta wuce inda ake jin Hausa a kusa ba, kuma masu kwafa sai sun kwafa. Maganinsu kaɗan ne: a faɗi sunan masu waƙa da baki a farkon kaset ɗin, yadda zai bi kowane kwafi.

Da ni ce, zan raba. In gwada kamfanin da waƙar biki biyu ko uku, na 'yan shekaru, da sharaɗin ba canji. Waƙar tsohon Zongo kuwa ta fito daga Adawlato da muryarsa, da sunayenta cif. Masu ita suna nan da rai, su ne kasuwarta.

Saura babbar magana. Takardar nan ta ce waƙoƙin nasa ne shi kaɗai. In kin sa hannu a haka, kin shaida da kanki cewa dukkansu gado ne, kuma baitin da zai zo miki gobe a bakin kasko ba wanda zai yarda naki ne. Kafin a yi rabon gado, ki sa a kira Yaya Jumare da liman, ki faɗa musu abin da kika faɗa mini. In sun yi shakka, ki karanto musu baitocin da kika rage saboda numfashinsa, waɗanda ba su cikin kowane kaset. Za a yi surutu kwana biyu, a daina. Wannan ba rage wa mamaci daraja ba ne. Mutumin da ya ce ke ce mai yanka bai taɓa son a ɓoye ki ba, ke kika hana shi.

Sunansa a kan kiɗa da murya, naki a kan baiti. Allah ya ba ki haƙuri, ya kawo ranar da za ki ji gyaran muryar nan ki bar kaset ɗin ya ci gaba.

Hajiya Sahada